Darasi na 9: Ƙaiƙayin Jiki Idan Ciki Ya Tsufa

Lokaci: minti 40, bayan an gama zubi an kulle akwati.

Manufa: kowace mace ta iya bambanta ƙaiƙayin da za a lallaɓa a gida da wanda ba a kwana da shi, kuma ƙungiya ta tsayar da yadda za ta taimaka.

Iyayena, yayyena da ƙannena, ni ba likita ba ce, mai zagaya ƙungiyoyi ce. Amma daga Getso da Lakwaya har Garo da Durun, idan na tarar da mai tsohon ciki tana susa na tambaya, amsar ɗaya ce: "Sanyi ne," ko "Zaƙi ne, za a jiƙa mata magani." Gaskiyar magana ƙaiƙayin mai ciki kala-kala ne. Yawancinsa damuwa ce kawai ga uwa. Amma akwai guda ɗaya da kan iya taɓa ran jariri, kuma shi ne wanda ba a ganin komai a fata.

1. Ƙaiƙayin da ke zuwa da ƙuraje

Ƙurajen nankarwa. Suna fitowa a watannin ƙarshe, galibi a cikin fari ko cikin tagwaye. Sukan fara a kan layukan nankarwar ciki, su bar zagayen cibiya, daga nan su bazu zuwa cinya, ɗuwawu da hannu. Suna hana barci ƙwarai, amma ba sa cutar da jariri, ba a ɗaukarsu, kuma sukan tafi cikin 'yan makonni bayan haihuwa.

Ƙurajen zafi. Ƙanana ne, sun fi yawa da bazara, a wuya, baya da ƙarƙashin mama, inda gumi ke taruwa.

Ƙazuwa. A duba tsakanin yatsu, wuyan hannu da ƙugu. Alamarta ita ce ba ke kaɗai kike susa ba, har da yara da maigida. Wata 'yar ƙwaro ce ke shiga fata, don haka dole a yi wa kowa na gidan magani rana ɗaya, a wanke kaya da zanin gado da ruwan zafi a shanya a rana. Ma'aikaciyar lafiya ce za ta zaɓi maganin da ya dace da mai ciki.

Da hunturu kuma fata kan bushe ta yi ta ƙaiƙayi, musamman fatar ciki da ta miƙe.

Abin da za a yi a gida:
- Wanka da ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi. Ruwan zafi daɗi yake yi a lokacin, daga baya ya ƙara ƙaiƙayin.
- A rage sabulu, a bar mai ƙamshi da na kashe ƙwayoyin cuta. Kada a dirje da soso.
- Idan bushewa ce ko ƙurajen nankarwa, a shafa man kaɗanya tun jiki bai gama bushewa ba. Ƙurajen zafi kuwa ba sa son mai, iska suke so.
- A sa kayan auduga masu sakewa, a ajiye na leda.
- A jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan randa a ɗora a wurin maimakon susa. A yanke farce.
- Kada a sayi man shafawa ko ƙwaya a kemis ko wurin mai talla ba tare da an nuna wa malamar awo ba. Man bilicin da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, a bar su har gaba ɗaya.

Ko wane iri ne, a nuna shi ranar awo. Akwai man shafawa da ƙwayar rage ƙaiƙayi da ake ba masu ciki.

2. Ƙaiƙayin da ba ƙuraje

Ku saurara da kyau a nan. Idan ciki ya kai wata 7 zuwa sama, mace ta fara ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa, ya fi tashi da dare, amma aka duba ba ƙurji sai shatin farce, to ana zargin hanta.

Kun san ruwan ɗacin matsarmama, wanda muke kaffa-kaffa kada ya fashe idan muna gyaran kaza. Hanta ce ke yin sa. A wasu masu ciki ba ya gangarawa hanji yadda ya kamata, sai ya koma cikin jini. Shi ke sa uwa susa, kuma yana isa ga jariri. Yana iya jawo haihuwa kafin lokaci, ko jariri ya yi kashi a cikin ciki, ko, Allah ya kiyaye, ya rasu kafin a haife shi. Man kaɗanya ba ya kai wa nan. Gwajin jini ne ke nuna shi. Idan an tabbatar, likita zai ba da magani, ya riƙa duba jariri, wani lokaci ya tayar da naƙuda kafin ranar da aka ɗiba. Wadda ta taɓa yi a cikin baya ta faɗa tun awon farko, don yana iya dawowa.

3. Alamun da ba a jira ranar awo

- Ƙaiƙayin tafin hannu da tafin ƙafa ba ƙuraje.
- Ido ya yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu, ko bahaya ya yi fari-fari.
- Ƙuraje masu ɗurar ruwa, ko masu ruwa irin na ƙarambau tare da zazzaɓi.
- Wurin susa ya kumbura yana fitar da mugunya.
- Motsin ɗa ya ragu ko ya tsaya. Wannan ko tsakar dare ne a tafi.

A fara da asibitin da ake awo. Idan ba su da gwajin hanta, a nemi takardar turawa zuwa Babban Asibitin Gwarzo, ko Kano, wato Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

4. Aikin ƙungiya

Na sha ganin mace ta san ya kamata ta tafi, amma kuɗin mota da na gwaji ya zaunar da ita, ko kunyar a ce ta tayar da gida saboda susa. Irin wannan ajiya tamu a Maraɗi ta fara a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, kuma dama don irin wannan ranar ake tara asusun taimako. Kada mu ware shi don suna da ta'aziyya kaɗai.

Kafin a tashi yau, a tsayar da abu 3, sakatariya ta rubuta:
- Nawa za a cire wa mai ciki na mota da gwaji, kuma taimako ne ba rance ba.
- Wa za ta riƙe kuɗin gaggawa a wajen akwati, tunda tara masu makulli da dare yana da wuya.
- Wace dattijuwa ce za ta raka ta, ta kuma yi wa maigida da uwar miji bayani. Maganar babba ta fi shiga.

Tambayoyin tattaunawa

1. Me ake kiran ƙaiƙayin mai ciki a garinku, kuma me aka saba ba ta?
2. Mace biyu ga su: ɗaya cikinta duk ƙuraje, ɗaya tafin ƙafarta ke hana ta barci amma fatarta sumul. Wace za a fara kai wa asibiti yau, kuma don me?
3. Mai mota ko mai babur nawa muke da lambarsa da zai fito da dare?

Aikin gida: kowace mamba ta faɗa wa mai ciki ɗaya, a gidanta ko maƙwabta, alamun nan 5. Mako mai zuwa kafin zubi za mu ji sakamako. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa.