Yadda Ake Auna Bayanin Kayan Aikin Mataimakin Na'ura

Tun daga shekarar 2023, lokacin da kamfanin OpenAI ya bai wa manhajarsa ta hira damar kiran wasu ƙananan manhajoji domin su yi mata aiki, mataimakin na'ura ya tashi daga mai ba da amsa kawai ya koma ɗan aike. Yakan duba yanayin sama, ya binciko wasiƙa, ya yanki tikitin jirgi. Waɗannan ƙananan manhajoji su ake kira kayan aiki. A watan Nuwamba na 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida mai suna MCP, wadda ta shimfiɗa hanya guda ta gabatar da su ga mataimaki.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara fahimta shi ne, mataimaki ba ya ganin cikin kayan aikin. Abin da ake miƙa masa kawai shi ne suna, da gajeren bayani cikin harshen mutane, da jerin guraben da zai cike. Da waɗannan kaɗai zai yanke shawarar abin da zai ɗauka da abin da zai zuba a ciki. Wanda ya ƙera manhajar kuwa ya san ta ciki da waje, don haka duk abin da ya rubuta yakan ga kamar ya wadatar. Shi ya sa bai cancanci ya zama alƙalin bayaninsa ba.

Alal misali, a ɗauki gurbin da aka rubuta wa "kwanan wata" kurum. Idan aka zuba 03/04/2025, mutumin Amurka zai karanta 4 ga Maris, na Ingila kuma 3 ga Afrilu. Mutum mai hankali zai tsaya ya yi tambaya. Mataimaki sau da yawa zato zai yi ya wuce, sai a wayi gari an yanki tikitin wata ranar daban. Kyakkyawan bayani yakan faɗi tsarin da ake so, shekara, wata, rana, ya kuma kawo misali. Har ila yau yakan faɗi inda bai kamata a yi amfani da kayan aikin ba, musamman idan akwai wani mai kama da shi a kusa.

Sai dai fayyace magana bai isa ba, tilas bayanin ya zama gaskiya. A ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar NASA ta yi asarar kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Takardar da ta tsara mu'amala tsakanin manhajoji biyu ta ce a ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin niyuton, amma ɗayar manhajar da ma'aunin laba take bayarwa, alhali laba ɗaya ta kai niyuton 4.45. Babu mataimakin na'ura a wannan labari, amma irin ramin da yake faɗawa ke nan, domin shi abin da aka rubuta masa yake gaskatawa.

To, yaya ake aunawa? Da gwaji, ba da karatu ba. Mai bincike zai tanadi ayyuka na gaske, a ce guda 50, waɗanda ya riga ya san amsarsu. Sai ya miƙa su ga mataimaki ɗaya, ya ƙirga sau nawa ya ɗauki kayan aikin da ya dace, sau nawa kuma ya cike gurabe daidai. Yana da kyau a cusa ayyukan da babu kayan aikin da ya dace da su, a ga ko zai kame hannunsa. Jadawalin gwajin da masana a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka buɗe a 2024 ya ƙunshi irin wannan tarko. Daga nan a sauya bayanin kaɗai, a bar komai yadda yake, a sake gwadawa. Bambancin da aka samu na bayanin ne.

Wani lokaci gwajin kan nuna cewa ƙarin kalmomi ba zai yi magani ba. A Disamban 2024 injiniyoyin Anthropic sun bayyana cewa mataimakinsu yakan ɓata adireshin fayil idan ya bar babban kundin da ya fara aiki a ciki, domin gajeren adireshi yana dogara ne da inda mai nema yake tsaye. Sai suka sake fasalin gurbin ta yadda ba ya karɓar komai sai cikakken adireshi tun daga tushe, kuskuren kuwa ya gushe.