Mai ciwon suga a Doma da ke son barin nama

Doma ƙasar doya ce da rogo, ga shinkafar Rukubi. Shi ya sa da zarar tsokar nama ta bar kwano, sai hannu ya kai ga ƙarin malmalar sakwara, suga kuma ya yi sama. Nan yawancin mutane ke tuntuɓe.

Ka cike gurbin naman da wake, gurjiya, awara da agushi. Riɗin nan da manomanmu ke lodawa a mota zuwa wasu garuruwa, ka ajiye na miyarka. Rabin kwano ya zama ganye: zogale, rama, alayyafo ko kuɓewa, tuwo kuwa kada ya wuce dunƙulen hannunka. Kwaɗon zogale da dakakken ƙuli-ƙuli, da tumatir da albasa, abincin rana ne sosai, sai dai a duba ƙulin, don wasu na zuba masa sukari. Gara a jefa awara cikin miya da a tsoma ta a mai. Wake ma yana da sitaci, a ci da ma'auni.

Abin da ba a cika faɗa ba: bitamin B12 daga nama, kifi, ƙwai da nono ake samunsa, maganin suga na metformin kuma kan rage shi a jiki idan an daɗe ana sha. Ƙarancinsa na kawo kasala da mutuwar ƙafa, har a ɗora wa suga laifin. Ka riƙe ƙwai da nono marar sukari, ko likita ya rubuta maka ƙwayar B12.

Mai allurar insulin ko shan glibenclamide ya riƙa auna jini, ya ajiye dabino a aljihu, don suga na iya faɗuwa. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya ƙara wake da ganye sai ya ga likita a Doma ko Lafiya.