Yaro mai amosanin jini da goɗiyar gidansu

Ƴan'uwa makiyaya, a wani ƙauye na yankin Illela wani magidanci ya kira ni in duba mishi goɗiya kafin ya kai ta kasuwar Badagishiri. Ta tsufa, haƙora sun lashe. Muna cikin dubawa sai ga ɗansa, ɗan shekara 9, idanu rawaya, ya zo ya rungume wuyanta ya ƙi saki. Yaron yana da amosanin jini, wato sikila. Uwarsa ta ce duk ran da ciwon ƙashi ya kwantar da shi, ba ya karɓar fura sai an ɗauke shi an aje kusa da turke. Na ce wa uban: Malam, kuɗin da za a ba ka ba su da yawa, a daure a bar mishi ita.

A gane tun farko: doki ba ya warkar da amosanin jini. Gadonsa ake yi daga uwa da uba, kuma kulawarsa tana gidan likita, kamar asibitin Galmi ko na Ƙonni. Amma yaron da ba ya iya tsere da tsaransa, ba ya zuwa gona, zuciyarsa kan mutu. In aka ce shi ke ba goɗiya dusa, shi ke taje mata geza, ya samu aikin da yake nasa. Sai ka ga yana tashi da safe, yana cin abinci. Tafiyar doki a hankali kuma tana motsa ƙugu da bayan mahayi kamar yana takawa da ƙafarsa. Wata ƴar ƙasar Danmak, Lis Hartel, shan inna ya kama ta a 1944, ta koma bisa doki har ta zo ta biyu a wasannin Olamfik na 1952. Bayanta ne aikin jinya da dawaki ya yaɗu a Turai.

To, wane doki? Tsohuwar goɗiya mai sanyin hali, ko dokin da aka dandaƙe. Ban da ingarma, ban da goɗiya mai sabon dukushi, don tana shuri. Babba ya riƙe ragama, a yi taku kawai, minti 10 ko 15. Ba sukuwa, ko ran salla ce.

Sanyi, ƙishirwa da gajiya su ke tada ciwon. Lokacin ɗari a jira hantsi, lokacin bazara a bari sai la'asar sakaliya, da gorar ruwa a hannu.

A nan ne nawa aikin yake, a kula sosai. Jikin irin wannan yaro ba ya da ƙarfin kare kansa daga cuta. Kashin doki yana ɗauke da ƙwayar tetanus, mai sandarar da jiki in ta shiga rauni. Dokin da ke zawo kuma yana iya zubar da ƙwayar salmonela, wadda kan shiga har cikin ƙashin mai sikila. Don haka share turke aikin manya ne. Yaro ya sa takalmi, musamman in yana da gyambo a idon sawu, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. In kun ga zawo, ko makero, ko ƙuraje masu ruwa a jikin dokin, ku nisanta yaron, ku kira ma'aikacin kiwo. Amma ku ɗaure dabbar inda zai riƙa hangenta daga tabarmarsa.