WAI SHIN MAJALISAR ƊINKIN DUNIYA TANA DA AMFANI KUWA?



Bayan karatun Magariba wani matashi ya tare ni ya ce: "Malam, ana ta kashe mutane a Gaza, wai ina Majalisar Ɗinkin Duniya take ne?" Na ga ya dace in amsa a nan don kowa ya amfana.

Abu na farko, Majalisar nan ba ta da sojojin kanta. Ƙarfinta aro ne daga ƙasashe. Tun kafa ta a 1945 aka ba ƙasashe 5 kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu: Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa. Kwamitin yana da mambobi 15, amma ɗaya daga cikin biyar ɗin nan in ta hau kujerar na-ƙi, magana ta mutu.

Ga misali. Ranar 8 ga Disamba 2023 aka kawo ƙudurin tsagaita wuta a Gaza. Ƙasashe 13 suka amince, Birtaniya ta ƙaurace, Amurka ita kaɗai ta ce a'a, shi ke nan. Bayan kwana huɗu ƙasashe 153 suka nemi a tsagaita wutar a Babban Zaure, sai dai ƙudurin Zauren ba ya tilasta wa kowa. Kuma adalci shi ne mu faɗa: haka Rasha ta yi ta kare gwamnatin Asad a Siriya da wannan kujera.

Kotu ma haka. A 1986 Kotun Duniya ta ba Nikaraguwa gaskiya a kan Amurka, Amurka ta yi kunnen uwar shegu da hukuncin. Amma da kotun ta ba Kamaru yankin Bakassi a 2002, Najeriya ta kammala miƙa shi a 2008. Kun ga kotu ɗaya ce, bambancin waye aka yanke wa hukuncin.

Wannan ya tuna min da Hilful Fudul. Kafin Annabci wani ɗan kasuwa daga Yaman ya sayar wa Al-As bin Wa'il kaya a Makka, shi kuma ya hana shi kuɗinsa, don yana taƙama da girma. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa, har da Banu Hashim da Banu Zuhra da Banu Taim, suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an suka ƙulla alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta. Manzon Allah (SAW) ya halarta yana matashi, kuma ya yabi wannan alkawari bayan zuwan Musulunci. To me ya sa ya yi aiki? Ba su tsaya a baki ba, sun tashi gaba ɗaya sun je wurin Al-As har ya mayar da haƙƙin. Kuma ba a ware wani babba aka ce shi ya fi ƙarfin alkawarin ba.

To shin mu ce ba ta da amfani kwata-kwata? A'a, 'yan'uwa. Lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya, an kawar da cutar agana daga doron ƙasa, aka sanar a 1980. Hukumar UNRWA ta daɗe tana ciyar da Falasɗinawa 'yan gudun hijira tana karantar da 'ya'yansu. Kuma ƙarar da Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila Kotun Duniya ta sa an rubuta hujjoji da ba za su gogu ba.

Darasin shi ne: kada mu rataya zuciyarmu a kan waɗannan hukumomi, kada kuma mu raina alherin da ke cikinsu. Ƙasashen ƙungiyar OIC 57 ne, amma ba ko ɗaya mai kujerar dindindin. Yawa ba tare da haɗin kai da ilimi da tattalin arziki ba, ba ya tsorata azzalumi.

Sannan kowa ya duba gidansa. In a unguwarmu mai kuɗi ya ci haƙƙin maraya muka yi shiru don yana gina mana masallaci, ai mu ma mun ba shi kujerar na-ƙi.

Allah Ya kawo wa waɗanda ake zalunta ɗauki. Wallahu a'alam.