Amsoshin Tambayoyinku: Na Iya Ruwa a Yauri, Ko Zan Iya Tseren Kwalekwale Zuwa Landan?

Tambaya: Ni ɗan Yauri ne, a bakin kogi na tashi, tun ina yaro nake tuƙa kwalekwale. Yanzu ina karatu a Ingila, sai wani abokin karatuna ya ce mu haɗu mu shiga tseren kwalekwale da ake yi daga Devizes zuwa Westminster. Iyayena hankalinsu bai kwanta ba. Shin akwai hatsari ga wanda ya iya ruwa kamata? Wane shiri zan yi?

Amsa: Iya ruwan da ka taso da shi jari ne babba, amma abin da ya fi kayar da mutane a wannan tsere sanyi ne da dare da gajiya, kuma kogin Yauri bai koya maka sanyin Ingila ba. Damuwar iyayenka tana da tushe.

Ga yadda tseren yake. An fara shi a 1948, ana yin sa a hutun Ista. Tsawonsa mil 125 ne, wajen kilomita 200. Ana tashi daga garin Devizes, a bi hanyar ruwa ta Kennet da Avon wadda mutane suka haƙa, har garin Reading, daga nan a faɗa kogin Tems a gangara zuwa gadar Westminster a Landan, daura da majalisar dokoki. A wurare 77 ana fita daga ruwa a ɗauki jirgi a kafaɗa a zagaye ƙofofin da ke tsare ruwa, sannan a koma. Manya masu shiga bibbiyu ba sa tsayawa, dare da rana suke tafiya. Waɗanda suka kafa tarihin sauri a 1979 sun yi awa 15 da minti 34, kuma sai a 2023 aka samu waɗanda suka fi su. Yawancin mutane kan haura awa 20. Matasa da masu tuƙi su kaɗai kuwa a kwana huɗu suke yi, suna kwana a hanya.

Jirgin ma ba irin naku ba ne. Kayak na tsere siriri ne, mara nauyi, ɗan karkacewa kaɗan yake kifewa, filafilinsa mai baki biyu ne. Akwai rukunin kwalekwale buɗaɗɗe da ake tuƙawa da filafili mai baki ɗaya. Bai kai kayak sauri ba, amma ya fi kusa da abin da hannunka ya saba, kuma shi nake ba ka shawarar ɗauka.

Batun sanyi nake so ka fi riƙewa. A ƙarshen Maris ko cikin Afrilu ruwan Tems bai huce daga sanyin hunturu ba, da tsakar dare kuma iska kan sauka kusa da daskarewa. Idan mutum ya faɗa ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15, jiki kan ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Gwanin iyo ma yana iya shaƙar ruwa a wannan minti na farko. Ƙungiyar ceto ta RNLI tana koyar da cewa kada ka yi kokawa da ruwa: kwanta rigingine, buɗe hannuwa da ƙafafu, jira numfashinka ya daidaita, sannan ka nufi gaɓa. Rigar kariya ce ke ba ka wannan dama. Ka ɗaure ta tun daga Devizes, kada kunyar a ce ɗan bakin kogi ya sa riga ta hana ka.

Akwai kuma sanyin da ke shiga a hankali ba tare da ka kife ba. Jiƙaƙƙun tufafi a cikin iska suna zuƙe ɗumin jiki kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Don haka kayan auduga ba na wannan tafiya ba ne. Ka nemi masu saurin bushewa, da rigar tare iska, da hula, ka sauya busassu kafin dare ya yi. Ku riƙa magana da abokinka. Idan harshensa ya fara sarƙewa, ko yatsunsa sun kasa jan zif, ko ya bar amsa tambaya daidai, sanyi ya kama shi. Idan makyarkyata ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya ƙara muni. A nan ake fita daga tsere, ko da mil goma ya rage. Ku yanke wannan shawara tun a gida, don mai wannan hali shi ne zai fi kowa rantsewa cewa lafiyarsa ƙalau.

A kan Tems, kusa da ƙofofin ruwa akwai dakalin da ruwa ke zuba ta kansa. Ƙarƙashinsa ruwa yana juyawa, yana riƙe abin da ya faɗa. Dole ku san ɓangaren da za ku bi a kowane wuri tun da rana, ku sake bin sa da dare kafin ranar tsere. Idan an yi ruwan sama mai yawa, hukuma kan kafa jan allo a ƙofofin don gargaɗi. Ku bi umarnin masu shirya tsere ba gardama.

Daga Teddington kogin yana bin cikar teku da janyewarsa. Mil 17 na ƙarshe sai da ruwa mai janyewa ake yin su, shi ya sa kowa ke lissafa lokacin tashinsa daga baya zuwa gaba. Wanda ya makara sai ya jira zagaye na gaba. A wannan yanki ku nisanci jiragen da aka ɗaure da ginshiƙan gadoji, don ruwa yana iya danna ƙaramin jirgi ƙarƙashinsu.

Kuna buƙatar mutanen da za su bi ku a mota da abinci da ruwa da busassun kaya. Ku riƙa cin kaɗan-kaɗan tun kafin yunwa ta zo, kuma abin da cikinku ya saba da shi wajen atisaye.

Da ni ne kai, bana zan shiga wani kulob na masu tuƙi, in gwada kaina a tseren Waterside guda huɗu da kulob ɗin Newbury ke shiryawa kafin Ista a kan hanyar ruwa ta Kennet da Avon, in raka wasu a mota in ga yadda dare ke yi da su, sannan in shiga baɗi.

Ko a atisaye, ka rufe duk wani rauni da filasta, ka wanke hannu kafin cin abinci. Fitsarin ɓeraye yana saka cutar Weil a irin wannan ruwa. Idan zazzaɓi da ciwon jiki suka kama ka cikin makonni kaɗan bayan shiga ruwa, kada ka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ka sha magani da kanka. Ka je wurin likita, ka gaya masa ruwan da ka shiga da ranar da ka shiga.