Gizo-gizon da Ake Tsoro a Ingila da Abin da Muke Gani a Asibiti

Da Satumba ta kama a nan kudancin Ingila, sanyi ya fara saukowa, sai mu fara karɓar mutane a sashen taimakon gaggawa da magana ɗaya a bakinsu: gizo-gizo ya cije ni. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma yawancin aikina a teburin tantancewa ne, inda ake fara duba mutum a ga ko zai iya jira ko sai an shiga da shi ciki nan take. Cikin masu zuwa har da 'yan uwanmu, ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi da iyalansu, kuma saboda su nake wannan rubutu. Kashi biyu nake ganinsu. Akwai wanda hotunan ruɓaɓɓun ƙafafu da ke yawo a WhatsApp suka firgita, ya zo a guje alhali ɗan ƙurji ne kawai a jikinsa. Akwai kuma wanda ya zauna a gida kwana da kwanaki ƙafa na kumbura, yana cewa ai tautau ne, zai wuce. Na farko ɓata dare kawai ya yi a layin asibiti. Na biyun shi ne ke tayar mini da hankali.

Gizo-gizon da ake maganarsa Turawa na kiransa false widow, masana kuma Steatoda nobilis. Dangi ɗaya suke da black widow, baƙin gizo-gizon nan na Amurka mai mugun dafi, kuma suna ɗan kama a siffa, shi ya sa sunan ya bi shi. Asalinsa tsibirin Madeira ne da tsibiran Kanari. An fara samun sa a Ingila a 1879 kusa da Torquay, ana kuma kyautata zaton jiragen ruwa masu dakon ayaba ne suka kawo shi. Ya yi kusan shekara ɗari a laɓe a garuruwan bakin teku na kudu, sai daga wajen shekarun 1980 ya fara yaɗuwa yana yin arewa. Ya ɓulla a Ailan a ƙarshen shekarun 1990, a garin Bray, yanzu kuma ya cika Dublin. Har Kalifoniya da Chile ya isa. Abin da ya taimake shi shi ne yana son zama kusa da mutane, inda akwai ɗumi da fitilar da ke janyo ƙwari.

Ba babba ba ne. Jikin macen, ban da ƙafafu, tsakanin milimita 9 zuwa 14 ne, namijin bai kai haka ba. Cikinsa a dunƙule yake, ruwan ƙasa mai duhu, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, ba ka ganin gashi a jikinsa da ido. A gaban cikin, kusa da inda ya haɗu da kai, akwai wani farin zobe da ya zagaya rabi. A gadon baya kuma akwai zane mai ruwan madara wanda wasu ke cewa ya yi kama da ƙoƙon kan mutum, sai dai kada a dogara da wannan, domin a jikin tsofaffin mata zanen kan dushe har ya kusa ɓacewa. Ƙafafunsa jaja-jaja ne masu sirkin ruwan ƙasa. Black widow na gaske baƙi ne wuluk, kuma a ƙarƙashin cikinsa akwai jan tambari mai siffar kalangu. Wannan ba ya zaune a Ingila ko Ailan, sai dai jefi-jefi a tsinci ɗaya a cikin kayan da aka shigo da su.

Shi false widow, yanarsa ma tana fallasa shi. Ba ya yin saƙar nan mai da'ira da tsari da muka saba gani a lambu. Tasa a hargitse take, zare ta ko'ina, amma da ƙarfi idan ka taɓa da tsinke, kuma daga gefe akwai ɗan rami na yana da ya shige cikin tsaga, inda yake wuni. Ku duba kusurwar taga ta waje, bayan bututun ruwan sama, ɗakin ajiyar kaya na bayan gida, gareji, shingen katako, da hannun kwandon shara. Ya fi son sama-sama. Da dare yake fitowa ya rataye a yanar, ciki sama.

Wani bawan Allah ya taɓa zuwa mana da kwalbar jam a aljihun rigar sanyi, ya ɗora a tebur yana haki, ya ce, "Sista, ga shi na kamo shi, a ɗakin yara yake." Abin da ke ciki ƙato ne, mai gashi, mai dogayen ƙafafu, irin wanda ke keta tsakar falo da gudu a watan Oktoba. Wannan gizo-gizon gida ne na yau da kullum, namiji ne ya fito neman mace, kuma ba ruwansa da kowa. Na ce masa, "Alhaji, wannan girman kawai gare shi." Haka nan akwai wani ƙarami mai ruwan azurfa da ke saƙa a jikin taga, yanarsa mai da'ira ce amma da giɓi a kusurwa ɗaya, shi ma ana yawan ɗora masa laifi. Nau'o'in gizo-gizo a Birtaniya sun kai wajen 650, waɗanda haƙoransu ke iya huda fatar mutum kuwa ba su wuce goma sha wani abu ba. Shi kansa nobilis yana da 'yan uwa biyu da ake gani a gidaje, Steatoda grossa da ke son kabad da lungu mai duhu, da Steatoda bipunctata, ƙarami, mai zama a ɗakunan ajiya da kejin dabbobi.

Amma kada a ce na wanke shi tas, domin nobilis yana cizo, kuma cizon da zafi. Ba ya bin mutum, ba ya tsalle. Sai an matse shi da fata yake sara, shi ya sa yawancin cizon da aka tabbatar ya faru ne a kan gado cikin barci, ko lokacin sa tufafi, ko zura ƙafa a takalmi. Zafin yakan zo nan take ko bayan 'yan mintoci, kwatankwacin harbin zuma ko rina, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya sage. A wajen mafi yawan mutane zafin na sauka cikin sa'o'i, kumburin ya tafi cikin kwana ɗaya zuwa uku. Wasu kaɗan dafin kan taɓa su fiye da haka: zafi ya bi hannu ya hau, ciwon kai, tashin zuciya, kasala, jin zazzaɓi. Cizon farko da aka rubuta a mujallar likitoci a Ingila a 1991 ne, wata matashiya a Worthing da ya sara a kafaɗa, zafi ya bazu, wurin ya yi ta gumi, tsigar jikinta ta tashi. Cikin waɗanda suka rubuta rahoton akwai Farfesa David Warrell, wanda a shekarun 1970 ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana nazarin saran kububuwa. Wanda ya san abin da kububuwa ke yi wa manomi a damina zai iya auna wannan cizo a ma'aunin da ya dace. Ba a tabbatar da mutuwar ko mutum ɗaya a Birtaniya daga dafin wannan gizo-gizo ba.

Masu bincike a Jami'ar Galway ta Ailan, Michel Dugon da John Dunbar da abokan aikinsu, su ne suka fi kowa bin diddiginsa. A 2020 sun nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na sinadaran dafinsa irin na black widow ne, har da wanda ke taɓa jijiyoyi. Sun kuma gano yana ɗauke da bakteriya a jikinsa da bakinsa, wasunsu ba sa jin wasu magunguna. Cikin cizon da suka tattara, akwai 'yan kaɗan da sai da aka kwantar da su a asibiti. Na ɗauki wannan bincike da muhimmanci, kuma shi ya sa ba na yarda da abokan aikin da ke kore maganar gaba ɗaya su ce jaridu ne kawai. Sai dai abin lura a nan shi ne, ko a wajen waɗanda gizo-gizon ya cija da gaske, abin da ya fi kai mutum gadon asibiti shi ne ƙwayar cuta da ta shiga raunin.

Mu kuwa a teburin tantancewa, tambayata ta farko ita ce, ka gan shi? Mafi yawa ba su gani ba. Sun farka ne suka ga kumburi, sai zuciya ta nemo mai laifi. Mun saba da haka tun a gida, duk ƙurjin da aka wayi gari da shi a fuska ko wuya sai a ce tautau ne ya bi ta wurin. Da yawan abin da ake kawo mana da sunan gizo-gizo maruru ne, ko cizon kuɗin cizo, ko ƙuman kyanwa, ko ƙuraje masu ruwa da ke fitowa a jere a gefe ɗaya na jiki ga wanda ya taɓa yin ƙarambau, ko kuma selulaitis, wato ƙwayar cuta da ta shiga ƙarƙashin fata ta wata 'yar tsaga tana yaɗuwa.

Wata baiwar Allah mai ciwon suga, da ta zo wankan jegon 'yarta, an kawo ta da daddare ƙafarta ta hagu ta yi suntum tun daga idon sawu har ƙwauri. Kwanaki ana shafa man zaitun da habbatus sauda, tana kuma haɗiyar ragowar kafso da ta taho da shi daga gida, yau ɗaya gobe biyu. Na ce, "Hajiya, yaushe ya fara?" Ta ce, "'Yar nan, tautau ne fa, tun ranar Juma'a." Da na ɗora bayan hannuna a ƙafar, zafinta ya bambanta ƙwarai da ɗayar, fatar ta miƙe tana ƙyalli, kaluluwa ta fito a matsematsi, jikinta na rawar sanyi. Da muka buɗe tsakanin yatsun ƙafar sai ga fatar ta tsage ta yi fari, nan cutar ta shiga. Sai da aka kwantar da ita ana ba ta magani ta jijiya.

'Yarta ta ce wani abu da nake so kowa ya ji. Ta ce ta duba a intanet, an ce a lura idan wurin ya yi ja, ita kuwa ba ta ga ja ba. Gaskiyarta. Yawancin hotunan da ke littattafan koyarwa na farar fata ne. A fatarmu jan ba ya fitowa sosai, wurin yakan yi duhu ne fiye da kewayensa, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko launin ya ƙi canzawa sam. Don haka hannu ya fi ido aiki a nan. Taɓa wurin da bayan hannu, ka taɓa daidai wurin a ɗaya ƙafar ko ɗaya hannun, ka gwada ɗuminsu. Lalubo inda taurin da zafin suka tsaya, ka zagaye iyakar da biro, ka ɗauki hoto a wuri mai haske. Bayan wasu sa'o'i ka sake dubawa. Idan abin ya ƙetare layin, yana yaɗuwa ke nan. Idan kuma ka je asibiti wani ya ce bai ga ja ba, ka ce masa cikin ladabi ya taɓa ya ji, ka nuna masa layin da hoton. Haƙƙinka ne.

Idan cizon sabo ne, abin yi bai da yawa. A wanke da ruwa da sabulu, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na kamar minti goma, a ɗaga hannun ko ƙafar sama, a cire zobe tun yatsa bai kumbura ba. Farasitamol ya isa don zafi. Ibuprofen ma yana yi, ban da mai ciki da mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda. Maganin ƙaiƙayi na kemis yana hana susa, susa kuwa ita ke buɗe wa cuta ƙofa. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure, kada a matse, kada a shafa toka ko man goge baki. Ragowar antibayotik na cikin jaka kuma a bar shi a inda yake, domin ba ya komai ga dafi, kuma shan sa barkatai na ɓoye alamun da likita ke nema.

Idan bayan kwana biyu abin gaba yake yi, ko mugunya ta fito, ko kumburin ya wuce layin biro, a je kemis ko wajen likitan da aka yi rajista da shi. A Ingila tun Janairun 2024 masanin magani na kemis na da izinin duba cizon ƙwaro da ya kamu da cuta, ya ba da antibayotik idan ya dace, ba sai an jira layin likita ba. Zazzaɓi, rawar sanyi, kaluluwa, wani layi da ke bin hannu yana hawa, ko cizo kusa da ido ko baki, waɗannan a kira 111 a ranar. Mai ciwon suga, mai shan maganin da ke rage garkuwar jiki, tsoho da jariri, kada a jira kwana biyun da su. Idan numfashi ya yi wuya, leɓe ko harshe ya kumbura, mutum ya ruɗe ko ya suma, 999 ake kira nan take, a Ailan 999 ko 112.

A Oktoban 2013 an rufe wata makarantar sakandare a yankin Forest of Dean don feshin wannan gizo-gizo, a Oktoban 2018 kuma an rufe wasu makarantu a Newham da ke gabashin Landan. A gida ba sai an kai ga haka ba, kuma feshi ba ya hana wasu dawowa daga shingen maƙwabci. A share yanar da ke jikin taga da ƙofa a kai a kai, a janye gado daga bango, a kakkaɓe shanyar da ta kwana a waje kafin a ninke, a zazzage takalmin da ya daɗe a gareji, a sa safar hannu kafin a kwashe tarkace. Idan an ga ɗaya a ɗaki, a kifa masa kofin gilashi, a zura kwali a ƙarƙashi, a kai shi nesa da ƙofa. Idan kuwa ya riga ya ciji wani, a ɗauki hotonsa ta sama da kyau, ko a sa shi a kwalba ko da an murƙushe shi, a taho da shi asibiti tare da mara lafiyan.