Na'urar TDS Ba Ta Gano Gubar Masana'antu A Ruwan Rijiya

Na'urar TDS, wadda ke kama da biro, tana auna yadda lantarki ke ratsa ruwa, sannan ta ƙiyasta yawan gishiri da ma'adinan da suka narke a ciki. Iyakar aikinta ke nan.

A ƙarƙashin Kano akwai dutse mai tauri. Ruwan ƙasa yana taruwa ne a saman dutsen inda ya ruɓe, da kuma cikin tsagoginsa, kuma daga nan rijiyoyi ke samun ruwa. A Sharaɗa, Chalawa da Bompai, masana'antun jima suna amfani da sinadarin kromiyom, kuma gurɓataccen ruwansu na iya tsotsewa cikin ƙasa har ya isa can.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada kromiyom ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha. Ita kuwa na'urar daga miligiram 1 take fara ƙirga, kuma ba ta bambance gishiri da guba. Don haka ruwa na iya nuna lamba mai kyau alhali akwai guba.

Duk mai rijiya ko burtsatse kusa da masana'anta, ya kai ruwansa ɗakin gwaji a duba kromiyom da dalma.